Littafin Zuliha Ya Tafi Kasuwa

Sallama gare ku masu bibiya, har da ku masu cewa ba ruwanku da gulma alhali ba ku taɓa tsallake layi ɗaya ba. Yau labarin jikata Zuliha ne, ɗiyar ɗana Isa. Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: abin da ya same ta a makon nan da hannuna a ciki, hannu biyu ma, kuma da man gyaɗa a jikinsu.

Zuliha shekararta ashirin da huɗu. Ta gama karatun malanta ta dawo Wara tana koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ga wushirya, ga ɗaurin ɗankwalin da sai ta ɓata rabin safiya a gaban madubi kafin ya zauna yadda take so. Samari sun zo, ta kore su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana tauna da ƙara, wancan yana dariya kafin ya gama ba da labari. Innarta Fadimatu kuwa kullum da safe tana shara tana jero sunayen sa'o'in Zuliha da suka yi aure, ba da kowa take ba, da tsintsiya take.

Sai Allah ya kawo Haliru, mai jirgin inji da ke ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Wara da ƙauyukan ƙetaren ruwa. Mutum ne mara yawan magana, mai faɗin tafin hannu, ko ya sha turare sai ka ji fetur yana leƙowa daga ƙasa. Wata takwas yana zuwa zance, wata takwas Zuliha tana ba shi amsa da "to" da "mu gani". Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa tana son sa ba. Amma duk ranar da saƙonsa na "Ranki ya daɗe, na sauka lafiya" ya makara, abinci ba ya wuce mata wuya. Daga ƙarshe dai aka tsayar da magana: ranar Jumma'a manyansa za su kawo gaisuwa. Kafin nan kuma, kamar yadda aka saba, sai an yi bincike a kan yarinya, kuma binciken yana hannun Gwaggo Dudu, yayar ubansa, wadda ta goya shi tun uwarsa ta rasu. Ni da Dudu aji ɗaya muka yi a yaƙi da jahilci. Ita ta zo ta ɗaya, kuma har yau ba ta bari na manta ba.

To, ga ciwon Zuliha. Finafinan Koriya. A shagon masu tura fim ta kwaso shi, a ɗan katin waya da bai kai farcena ba. Da farko kallo ne kawai, tana kuka tana share majina da bakin mayafi a kan mutanen da ba su san da garin Wara ba. Daga baya ta ce ita sai ta ji abin da suke faɗa da kunnenta. Ta shiga wani zauren WhatsApp na 'yan mata, da wata malama da ba wadda ta taɓa ganin fuskarta. A watan nan darasinsu shi ne yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce, kuma irin maganar da ake yi tsakanin ƙawaye da masoya, ba ta gaban manya ba. Sai ka ji ta tana wanke-wanke tana rerawa: mogosso, na ci, kasso, na tafi, wasso, na zo, urosso, na yi kuka. Na ce mata lalle mutanen nan ba su da aikin yi, kowace magana sai sun ƙare ta da so. Ta ce ai dattawa akan ƙara musu "yo" a ƙarshe don ladabi, amma ni ba za ta ƙara mini ba tunda ƙawarta ce.

Aikin gidan da malamar ta ba su shi ne mafarin komai. Duk kashin fim ɗin da suka kalla, kowace ta rubuta abin da jarumar ta aikata kamar ita ce ta aikata. Zuliha ta sayi littafi mai falle arba'in. Layi ɗaya da harufansu masu kama da zobba da tsinken ashana, layi na ƙasa da Hausa ɓaro-ɓaro. Kuma da yake malama ce, hannunta ya saba, a saman kowane shafi sai ta rubuta kwanan wata da cikakken suna: Zuliha Isa Wara.

Ni kuwa sana'ata suyar kifi. Ranar Litinin ɗin nan kasuwa ta ci, na tashi na tarar ruwan sama ya bi ta ramin kwano ya jiƙa tsofaffin jaridun da nake ƙunshi da su, sun zama kunu. Ga tarwaɗa da gargaza na soya cike da daro, ga Zuliha ta tafi makaranta. Na shiga ɗakinta neman takarda, na ga littafi a kan akwati. Na buɗe, tabarauna ya karye tun sallah, abin da na gano kawai zobba da tsinkaye. Na ce a raina wani ɗalibinta ne ya ɓata littafin uwarsa. Kafin in fita Isa ya leƙo zai tafi Shanga saro albasa, na yagi falle uku na ƙunshe masa guzuri. Shi Isa, ku riƙe wannan, ba ya yar da takarda mai rubutu, don gudun kada sunan Allah yana ciki. Ninkewa yake ya sa a aljihu, idan ya zauna ya karanta, ko da kwalin maganin sauro ne. Sauran fallayen kuma suka bi masu saye. Kafin azahar daro ya ƙare, littafi ya ƙare, na dawo gida ina jin daɗin ciniki.

Ranar Talata saƙon Haliru bai zo ba. Zuliha ta duba wayar da safe, ta duba a aji, ta dawo ta hau kan turmi inda sabis ya fi ƙarfi. Ta tura masa "Lafiya dai?" Alamar ta yi shuɗi, amsa babu. Ta ce a ranta wataƙila inji ne ya ba shi wahala. Ta sake cewa a ranta ita ba za ta tura na biyu ba, ba a haife shi ba namijin da za ta tura wa saƙo biyu a jere. Bayan la'asar ta tura na uku.

Sai Laraba da azahar, ta dawo daga makaranta ke nan, amsa ta iso, layi ɗaya: "Gwaggo ta ce a dakata da maganar Jumma'a."

Ba ta gama haɗiye wannan ba Fadimatu ta faɗo gida daga wurin niƙa, robar gari a kai, mayafi a hannu maimakon a jiki. A can ta tarar da mata sun yi da'ira, suna ganin ta suka yi tsit, sai wata mai tausayi ta ja ta gefe ta karanta mata abin da ta samu a ƙunshin kifinta. Fadimatu ta dire robar ta tambayi ɗiyarta yaushe ta fara shan giya, kuma wane ɗan iskan ne ya goya ta a baya ya kawo ta gida, kuma ita uwar tana ina a ranar. Ta ce ita ta san wannan wayar sai ta kashe ta, yau za ta jefa ta cikin ruwa ta huta, kuma idan Haliru ya fasa, Zuliha ta nemi garin da za ta zauna don ita ba za ta iya bin layin niƙa a Wara ba.

Zuliha ta tsaya kamar an dasa ta. Kalmar "goya" ce ta farkar da ita. Ta ruga ɗaki, muka ji ana watsi da kaya, sannan ta fito riƙe da bangon littafi, gaba da baya, da ƙarafan tsakiya suna leƙe. Ba ta kalli uwarta ba. Ni ta kalla.

Na ce, "Ƙawata, ruwa ne ya jiƙa jarida."

Ban taɓa ganin mutum yana son ya yi kuka da dariya da duka a lokaci ɗaya ba sai ranar. Ta zauna ta yi wa Innarta bayani, ta nuna mata zauren, ta nuna mata umarnin malamar. Fadimatu ta yarda, amma ta ce yardarta ba ta ɗaura aure. Wadda za ta yarda tana can unguwar masu jirage, kuma budurwa ba ta taka gidan su saurayi kafin aure, balle ta je kare kanta. Ba surutun gari ne ya dami Zuliha ba. Abin da ya dame ta shi ne mutumin da ta yi wata takwas tana ja wa aji zai tafi yana ganin da ma ba ta damu ba.

Ni na ɓata, ni na nemo dabara. Na ce zan je gai da tsohuwar 'yar ajinmu, kuma tsohuwa kamata ba ta ɗaukar kwano da kanta. Zuliha ta cire doguwar rigar makaranta ta sa atamfa ruwan ƙasa mai ƙananan ganye, riga da zani, ta yi ɗauri mara hayaniya a cikin minti ɗaya, ta rufa da babban mayafin Innarta har gwiwa. Hoda ko kwalli ba ta sa ba. Ta cusa wayar a cikin zani, ta ɗauki kwanon kifi, muka fita bayan la'asar, kowace ƙofa da idon da ke raka mu.

Mun tarar da Dudu a gindin mangwaro a kan tabarma, ƙafa a miƙe, tabarau a kan hanci. A gefenta ga takardu an danne da faranti, sun sha mai har ana ganin tabarma ta cikinsu. Gida-gida ta bi ta karɓo su. A bayan zana kuma ana ta ƙwanƙwasa ƙarfe, ban ba abin muhimmanci ba.

Zuliha ta durƙusa nesa ta gaishe ta, murya kamar ta mai zazzaɓi. Dudu ta amsa wa iska, ta juyo gare ni ta tambaye ni ko yanzu na daina saida kifi na koma saida jarida. Sannan ta zaro falle ɗaya, ta gyara murya kamar ranar jarrabawarmu, ta karanta a hankali tana ba kowace kalma haƙƙinta: na sha giya kwalba uku, na yi amai a takalminsa, ya goya ni, na yi barci a bayansa. Ta ɗauko wani: na mari shugabana a wurin aiki. Ta ɗauko wani, ta dube shi, ta ce wannan ba za ta karanta ba don tana da alwala.

"Wagga ɗiya," in ji ta, "sunanki ne a sama ko ba naki ba?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"Hannunki ne?"

"Hannuna ne. Amma ba ni ba ce."

Dudu ta ce ita ta yi shekara saba'in ba ta taɓa jin mutum ya rubuta "na yi" alhali wani ne ya yi ba, sai dai ɗan siyasa. Zuliha ta nemi izini ta matso da gwiwa, ta fito da wayar. Ta dubi kwanan watan da ke kan fallen farko, ta nemo kashin, ta ja shi zuwa wurin. Ga yarinya fara sol a cikin wata rumfar leda, ga korayen kwalabe uku. Yarinyar ta ce mashosso, Zuliha ta sa yatsa a kan takardar: na sha. Ga amai, ga takalmi, ga goyo.

Dudu ta kai fuska kusa da wayar har numfashinta ya rufe gilashin. Ta tambaya ina iyayen yarinyar suke. Ta tambaya wannan mai goyon namiji ne, don fuskarsa ta fi ta amarya santsi. Ta ɗauki fallen ta ajiye a hagu, ta miƙo na biyu. Haka suka yi ta yi. A falle na biyar ta ce a mayar baya ba ta ga marin da kyau ba. A na bakwai aka nuno uwar saurayin tana watsa wa yarinyar ruwan kofi a fuska, Dudu ta gyaɗa kai ta ce a duk garin nan wannan matar ce kawai mai hankali. Wanda ta ƙi karantawa saboda alwala kuwa, ta kalle shi ta tsakanin yatsunta daga farko har ƙarshe. Falle tara suka koma hagu.

Sai Dudu ta kwance bakin zaninta ta fito da na goma, an ninke shi kamar laya.

Wannan ba ta yi masa muryar jarrabawa ba. Ta karanta shi a sauƙaƙe: na jira a bakin ruwa har jirginsa ya iso. Na gan shi, bai gan ni ba. Na ce wa Inna layin niƙa ne ya yi tsawo. Na so shi tun ranar farko.

Ta cire tabarau. Ta ce ta kalli fim ɗin nan yanzu da idonta, ta ga motoci, ta ga benaye, ta ga mutane suna cin ciyawa da tsinke, amma ba ta ga injin niƙa ba. Ta tambaya wane kashi ne wannan.

Zuliha ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ya cikin fim.

"To jirgin wa? Bakin ruwan Wara jirage sun fi ashirin, kowane da namiji a ciki."

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. Mu nan mace tana iya haihuwa biyar ba ta kama sunan mijinta a gaban manyansa ba, balle budurwa, balle ta kama shi a kan maganar so. Idan ta faɗa, Dudu tana iya cewa ba ta da kunya. Idan ta yi shiru, an bar ta da wani mai jirgi da ba a sani ba, kuma wannan ya fi kwalabe ukun muni don shi babu fim ɗin da zai wanke ta. Na buɗe baki zan taimaka, Dudu ta ɗaga mini hannu ta ce ni na gama nawa aikin tun ranar kasuwa.

Zuliha ta ce jirgin mai shuɗin fenti ne. Dudu ta ce shuɗaye bakwai ne. Ta ce mai sabon inji. Dudu ta ce bana kowa ya sake inji. Gumi ya jiƙa mayafin Fadimatu da Zuliha ta rufa. Zuliha ta dubi takardar nan mai mai, ta tuna ranar da ta rubuta ta, ta tuna kwana biyun da ta yi tana hawa turmi. Ta ga idan ta fita gidan nan da kunyarta cikakkiya, da ita kaɗai za ta fita.

"Na Haliru ne," ta ce wa tabarma.

Dudu, wadda ke jin raɗar gida na uku, ta karkato kai ta ce kunnenta ya tsufa.

"Jirgin Haliru ne, Gwaggo. Shi na jira."

A bayan zana wani ƙarfe ya faɗi a kan wani ƙarfe, aka yi tari irin na wanda ya shaƙe da yawunsa. Ashe tun zuwanmu gogan yana nan yana kwance inji, ko in ce yana ƙwanƙwasa wuri ɗaya. Zuliha ta ja mayafi ta rufe har hanci, ta yi fatan ƙasa ta tsage. Dudu ta yi dariya har haƙorinta ɗaya da ya rage a sama ya fito. Ta ce wata takwas yaron nan yana dawowa daga zance yana ce mata "ta ce mu gani", ita kuma ba za ta kai goro gidan da ake cewa mu gani ba. Ta tattara falle taran ta miƙa wa Zuliha, na goman ta mayar bakin zani.

"Jumma'a bayan an sauko," in ji ta. Har mun kai ƙofa ta ƙwala mini kira, ta ce in tambayi ɗiyar ko mai santsin fuskar nan ya auri 'yar giyar daga ƙarshe. Zuliha ta ce saura kashi shida. Dudu ta ce to a sa katin a cikin kayan ɗaki.

Ba mu kai kwanar masallaci ba wayar ta yi ƙara. Na rage tafiya don in leƙa, da yake yanzu na ari tabarau a maƙwabta.

"Ranki ya daɗe, na ji da kunnena."

Ta rubuta, "Kwana biyu ka yi shiru. Ka yarda na sha kwalba uku?"

"Ban yarda ba. Goyon ne ya tsaya mini." Can kuma, "Yaya ake cewa na yi laifi da yarenku?"

Ta cije leɓe don kada in ga murmushin. Ta tura masa: chalmotesso. Ta ce ya rubuta sau goma, da suna da kwanan wata a sama.

Muka shiga gida muna dariya. Fadimatu ta ji labari ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, har ta fara lissafa matan layin niƙa da za ta bi ta gabansu a hankali gobe. Sai ta tuna. Ta ce af, Baban Zuliha ya bugo daga Shanga, gobe da hantsi zai iso, kuma ya ce kada Zuliha ta je makaranta, akwai karatun da yake so ta yi masa.

Zuliha ta juyo gare ni a hankali. Na ba ta labarin guzuri, falle uku. Ta tambaya daga gaban littafin na yaga ko daga baya. Na ce daga baya, don nan ya fi sauƙin yaguwa.

Ta lalubi turmi ta zauna. Ta ce gaba ne na fim. A baya take rubuta nata.

Ni dai na tashi na jiƙa tarwaɗa da gishiri tun yanzu, don Isa idan ya ƙoshi ya fi daɗin magana. Kuma a kwano zan zuba masa.